Gawar Wa Aka Zana? Nazari Kan Tsofaffin Zane-zanen Cikin Jikin Ɗan Adam

A cikin littafin da Andreas Vesalius ya buga a birnin Basel a 1543 akwai jerin zane 14 na mutumin da aka feɗe. A zanen farko yana tsaye da ƙafafunsa, babu fata a jikinsa, ya buɗe hannu kamar mai yi wa jama'a bayani, bayansa kuwa ga tuddai da gonaki da rufin gidajen ƙauye. A na biyu ya juya gefe, kai ka ce tafiya zai yi. Haka ake bi shafi bayan shafi ana ɗaye masa tsoka, ana barin wadda aka yanka tana reto, shi kuwa yana nan a tsaye. Sai a zane na bakwai ƙarfinsa ya ƙare. Kai ya faɗa baya, gwiwoyi sun saki, an kwashe kayan ciki, tantanin da ya raba ƙirji da ciki an manna shi a jikin bango. Abin da ke riƙe da shi igiya ce da aka zura ta ƙasusuwan fuskarsa aka ɗaure a sama.

Vesalius bai ɓoye zancen igiyar ba. Ya faɗa a cikin littafin cewa da ita yake ɗaga gawa, ya rataya a gungumen rufin ɗaki, ya ja ko ya sassauta har ta tsaya yadda mai zane ke so. Gawa ba ta tsayuwa da kanta, saboda haka abin da muka gani a zane na bakwai yana nan tun a na farko, mai zane ne ya ɗauke shi daga idonmu. Na daɗe ina tunanin wannan igiya, domin a ganina da ita ake buɗe fannin gaba ɗaya. Tsofaffin zane-zanen sassan jiki sun nuna wa ɗan Adam cikinsa da gaskiya, kuma a kansu likitancin yau ya ginu. Amma sun kuma ƙware wajen lulluɓe inda jikin ya fito, da yadda mai shi ya mutu, da ko an nemi yardarsa. Duk wanda ya yabi bayyanawar ya tsallake lulluɓin bai gama karanta hoton ba.

Kafin a zana, sai da aka sami wanda ya duba. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarakunan Iskandariyya ta Masar sun ba likitoci biyu, Herophilus da Erasistratus, damar buɗe gawar mutum. Herophilus ya raba jijiyoyin da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa da agara da kuma jijiyoyin jini, ya auna farkon ƙaramin hanji ya ce tsawonsa faɗin yatsu 12 ne, sunan da wurin ke amsawa har yau a littattafan Larabci da na Turai. Marubutan Rum na baya, irin su Celsus, sun zarge su da buɗe fursunoni da ransu. Littattafansu sun salwanta, ƙofar kuma ta rufe fiye da shekara dubu.

Wanda ya cike gurbin shi ne Jalinusu, haifaffen Pergamon a ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 129. Ya fara aiki yana ɗinke raunukan masu faɗa da takobi a dandalin kallo, daga baya ya zama likitan sarakunan Rum. Al'adar zamaninsa ba ta yarda da taɓa gawar mutum ba, sai ya koma kan aladu da shanu da awaki, da biran Arewacin Afirka. Bahaushe kan ce a feɗe biri har wutsiya, Jalinusu kuwa ya yi hakan da hannunsa, kuma ya yi da gwaninta. Matsalar ita ce abin da ya gani a dabba shi aka rubuta wa mutum. Duk yaron da ya taɓa tsayawa a kan ragon layya an nuna masa hanta da saifa da matsarmama ya sami ilimi na gaske, sai dai ilimin rago ne. Ta wannan hanya littattafan da suka bi sawun Jalinusu suka koyar da cewa hantar mutum kunnuwa biyar gare ta, cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, cewa akwai wata saƙar ƙananan jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa, alhali tumaki da shanu ke da ita, da cewa jini na ratsa bangon tsakiyar zuciya ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani. Adalci dai shi ne a faɗa cewa shi kansa ya riƙa umartar ɗalibansa da su duba da idonsu, har ya ce su tafi Iskandariyya su ga kwarangwal ɗin mutum. Mabiyansa ne suka riƙe littafin suka saki umarnin.

A Bagadaza, a ƙarni na 9, Hunainu ɗan Ishaƙ da almajiransa suka juyar da ayyukan Jalinusu zuwa Larabci, daga nan sunansa ya shiga littattafan ɗibbu. A cikin masu karanta waɗannan littattafai aka sami waɗanda suka fara ja da shi. Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Abdullaɗif al-Bagadadi. Yana Alƙahira lokacin da kogin Nilu ya ƙi kawo ruwa, aka yi muguwar yunwa daga 1200 zuwa 1202. Mutane suka mutu har aka rasa masu binnewa, ƙasusuwa suka taru tsibi a wani wuri da ake kira al-Maƙs. Abdullaɗif ya je can tare da masu karatun ɗibbu, suka jujjuya ƙoƙon kai fiye da 2,000, suka tarar muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, babu mahaɗa a tsakiyarsa. Ya rubuta hakan a littafinsa na labarin Masar, yana girmama Jalinusu, amma ya fifita shaidar ido a kan maganarsa. Gani ya kori ji ke nan, shekara 340 kafin Vesalius. A lura kuma da waɗanda suka zame masa littafi: talakawan da yunwa ta kashe, ba su sami ko likkafani ba.

Ibn Nafis, wanda aka haifa a yankin Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, shi ya rushe batun ƙofofin zuciya. A sharhin da ya yi wa sashen sassan jiki na littafin Ƙanun na Ibn Sina a 1242, ya ce bangon zuciya toshe yake, dole jini ya fita daga ɓangaren dama ya bi ta huhu ya haɗu da iska kafin ya dawo hagu. A gabatarwar sharhin ya ce shari'a da tausayi sun hana shi fiɗar gawa. Maganar ta kwanta a rumbun littattafai har 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Taɗawi, ya ci karo da kwafinta a Berlin.

Zane kuwa, mafi shahara daga ƙasashen Musulmi shi ne na Mansur ɗan Ilyas, mutumin Shiraz, a littafinsa na harshen Farisa da ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 14. Mutum ne a tsugune, gwiwoyi a buɗe, an maimaita shi sau biyar: na ƙasusuwa, na jijiyoyin saƙo, na tsoka, da biyu na jijiyoyin jini, sannan aka ƙara mace mai ciki. Mai kallo na yau kan raina su, ya ce ba su yi kama da mutum ba. Ni ban yarda da wannan raini ba. Mai zanen bai nufi ya kwaikwayi abin da ido ke gani a kan tebur ba, taswira ya yi wa ɗalibi don harda, kowace jijiya da launinta, kowane ƙashi da sunansa da adadinsa a rubuce kusa da shi. Hoton bawan littafi ne, abin da littafi ya ce shi yake nunawa. In littafi ya yi kuskure, hoton ma ya yi, kuma babu yadda za a yi ya gyara shi. Irin wannan jerin zane biyar yana cikin rubuce-rubucen hannu na Turai ma tun ƙarni na 12.

A Italiya aka sake buɗe ƙofar. A 1315 Mondino de Luzzi ya feɗe gawa a gaban ɗalibai a Bologna, a 1316 ya rubuta littafin da aka yi ta karantarwa da shi fiye da shekara 200. Ana yawan cewa Coci ce ta haramta aikin, amma dokar da Fafaroma Boniface na Takwas ya fitar a 1299 ta shafi wata al'ada ce daban, ta daddatsa gawar manyan da suka mutu a nesa a dafa ta don a kai ƙasusuwa gida. Abin da ya fi takura masu fiɗa shi ne ruɓa. Ba maganin adana gawa, don haka sai da hunturu ake yi, a cikin 'yan kwanaki, a fara da ciki tunda shi ke saurin lalacewa, a bi da ƙirji, sai kai, a ƙare da hannuwa da ƙafafu.

Akwai wani zane da aka buga a Venice a farkon shekarun 1490 da ya nuna yadda darasin ke gudana. Malami na zaune can sama a kan kujera mai kama da mumbari. A ƙasa wanzami ne riƙe da wuƙa, domin a Turai ma wanzamai ke tsaga da ƙaho da cire haƙori. A gefensa ga wani da sanda yana nuna abin da aka ambata. Mai ilimin ba ya taɓa gawa, mai taɓawa ba ya jin Latin ɗin da ake karantawa. In abin da ke kan tebur ya saɓa wa littafi, sai a ce wannan gawar ce ke da naƙasa.

Leonardo da Vinci ya haɗa ido da hannu da alƙalami a mutum ɗaya. A hunturun 1507 zuwa 1508, a asibitin Santa Maria Nuova da ke Florence, ya zauna da wani tsoho da ya ce ya haura shekara ɗari. Tsohon ya cika cikin natsuwa bayan 'yan sa'o'i, Leonardo ya buɗe shi don ya ga sanadin mutuwa mai sauƙi haka, ya bayyana yadda jijiyoyin jininsa suka yi kauri suka ƙuntace. Zuwa ƙarshen rayuwarsa ya ce ya feɗe gawa fiye da 30. Duk da haka shahararren zanensa na ɗa a cikin mahaifa yana ɗauke da mabiyiya irin ta saniya. Bai buga komai ba, takardun suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har suka tsaya a fadar Windsor ta Ingila, likitoci ba su amfana da su ba sai bayan da zamani ya wuce su.

Shi ya sa girman ya tafi ga Vesalius. Ɗan Brussels ne, an haife shi a 1514, ya zama malamin fiɗa a Padua yana da kusan shekara 23. Ya sauko daga kujerar, ya karɓi wuƙar daga hannun wanzami. Littafinsa kashi bakwai ne, shafi fiye da 600, kuma sabon abin da ya kawo ya wuce kyan zane. Kowace tsoka, kowane ƙashi an ɗora masa ƙaramin harafi, harafin na kai ka ga bayani, bayanin na maido ka ga hoton. A karon farko hoto ya zama shaida da za a iya ƙaryata littafi da ita. An sassaƙa zanen a allunan katako a Venice, ana danganta wani ɓangare na aikin ga Jan van Calcar, almajirin mai zane Titian, sannan aka ɗauki allunan aka tsallaka duwatsun Alps da su zuwa maɗaba'ar Johannes Oporinus. Amfanin ɗab'i shi ne ɗalibin Paris da na Padua suna kallon layi ɗaya, ba kamar kwafin hannu ba da kowane magatakarda ke ƙara nasa kuskure. Allunan sun rayu shekara 400, bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ne suka ƙone su a Munich.

Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne yadda ya tona asirin kansa. A zanen da ya fitar a 1538 ya sa hanta mai kunnuwa biyar da saƙar jijiyoyin nan ta gindin ƙwaƙwalwa. A 1543 ya amsa cewa bai taɓa ganin saƙar a kan mutum ba, kan tunkiya yake ajiyewa kusa don ya nuna wa ɗalibai, saboda tsananin girmama Jalinusu. Batun ƙofofin zuciya ma sai a bugu na biyu, na 1555, ya fito fili da shakkarsa. Tsohon malaminsa na Paris, Jacobus Sylvius, ya kira shi mahaukaci, ya ce in an ga bambanci to jikin mutane ne ya canja tun bayan Jalinusu.

To, me ya sa mutanen cikin littafin ke tsaye kamar masu rai? Akwai dalili na ilimi, domin tsoka ba ta nuna aikinta sai a jikin da ke motsi. Akwai na addini: kwarangwal ɗaya ya jingina da shebur na haƙa kabari, wani ya dafa ƙoƙon kai yana tunani, suna tuna wa mai karatu makomarsa. Amma akwai na uku, wanda nake ganin ya fi su aiki. Mutumin da ke tsaye a fili yana nuna tsokarsa ya yi kama da wanda ya yarda. Bayan 'yan shekaru, a littafin Juan Valverde na 1556, har aka zana wani riƙe da fatarsa a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan, kamar shi ya feɗe kansa. Gaskiyar tana ɓoye a ƙananan wurare. A cikin manyan haruffan da ke buɗe surorin Vesalius an zana yara tsirara suna tone kabari da dare, suna dafa ƙoƙon kai a tukunya. Shi kansa ya ba da labarin yadda ya bari aka rufe ƙofar garin Leuven yana waje a 1536 don ya sato ƙasusuwan wani mai laifi da aka kashe. A Padua wani alƙali ne ke ba shi gawar waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Matar da ke kwance a tsakiyar bangon littafin, jama'a sun yi cincirindo a kanta, wata ce da ta ce tana da ciki don ta kuɓuta daga hauni, ba a yarda da ita ba. Ba a rubuta sunanta ba. Wanda sunansa ya tsira shi ne Jakob Karrer, da aka fille wa kai a Basel a 1543. Vesalius ya harhaɗa ƙasusuwansa, suna jami'ar garin har yau.

Bayan Vesalius aka koma sassaƙa a kan farantin jan ƙarfe, wanda ke ɗaukar layi siriri fiye da katako, fannin kuma ya rabu gida biyu. A Amsterdam, a 1685, Govard Bidloo da mai zanensa Gerard de Lairesse suka fitar da faranti 105 da ba su tausaya wa ido ba. Ga allurai da aka kafe fata da su, ga igiya a wuyan hannu, ga wuƙa a ajiye, har ƙuda an zana ya sauka a kan gawa. A Leiden kuwa Bernhard Albinus ya bi ta wata hanya. Ya zaɓi kwarangwal ɗin saurayi mai kyan ƙira, ya rataye shi da igiyoyi a cikin sanyi, ya kafa raga mai murabba'ai tsakaninsa da mai zane Jan Wandelaar don kada awo ya kuskure, sannan duk inda ya ga ƙashi bai yi daidai da abin da yake ɗauka cikakkiyar halitta ba ya sa a gyara. Littafin ya fito a 1747, a bayan kwarangwal ɗin har da karkanda tana kiwo, wata mai suna Clara da ake yawo da ita a Turai ana kallo. Na Albinus ya fi amfani ga ɗalibi, domin yana koya masa abin da zai tarar a yawancin mutane. Na Bidloo ya fi gaskiya game da ɗakin da aka yi aikin. Har yau littattafan likitanci na kai-komo tsakanin waɗannan biyun, kuma yawanci Albinus ke rinjaye.

William Hunter na Landan ya tsaya a gefen Bidloo, ya kai abin maƙura. Littafinsa na 1774 a kan mahaifar mai ciki faranti 34 ne, da yawansu daidai girman jiki, Jan van Rymsdyk ya zana. Ɗan da ke ciki an zana shi da taushin hannu, gashinsa a jiƙe, yatsunsa a dunƙule. Uwar kuwa babu kai, babu ƙirji, cinyoyinta an datse su ana ganin ƙashi a tsakiyar nama kamar a teburin mahauci. Ungozomomi da likitoci sun koyi yadda ɗa ke kwanciya daga waɗannan faranti, kuma ba na shakkar cewa sun ceci rayuka. Amma ban taɓa iya kallonsu na daɗe ba. Mata ne da suka mutu da tsohon ciki, an fara tara su tun wajen 1750, kuma ko ɗaya ba a ambaci sunanta ba.

A nan tambayar da na sa a kan wannan rubutu ta zama dole. A Ingila, Sarki Henry na Takwas ya ba ƙungiyar wanzamai da likitocin fiɗa gawa huɗu a shekara daga waɗanda aka rataye, a 1540. Dokar 1752 ta mayar da fiɗa ƙarin horo: mai kisan kai ba za a binne shi ba. Dangi kan yi dambe da yaran likitoci a gindin wurin rataya don su ƙwaci ɗan'uwansu. Da makarantu suka yawaita gawar hukunci ta kasa, sai aka sami masu sana'ar tone sababbin kaburbura, masu hali suka riƙa sa kejin ƙarfe a kan kushewar mamatansu. A Edinburgh, a 1828, William Burke da William Hare suka ga kisa ya fi tonon sauƙi, suka kashe mutum 16 suka sayar wa Dakta Robert Knox, kowace gawa fam bakwai zuwa goma. An rataye Burke a Janairun 1829 aka feɗe shi a bainar jama'a, Knox kuwa ba a gurfanar da shi ba. Maganin da majalisa ta kawo shi ne dokar 1832, wadda ta ba makarantu gawar duk wanda ya mutu a asibiti ko gidan gajiyayyu ba a zo ɗaukarsa ba cikin sa'a 48. Masaniyar tarihi Ruth Richardson ta nuna cewa da wannan doka horon da ake yi wa mai kisan kai ya koma kan talaka.

A Amurka nauyin ya faɗa kan baƙar fata. A 1852 malaman kwalejin likitanci ta Georgia suka sayi bawa, Grandison Harris, a kan dala 700, aikinsa ya tono musu gawa daga maƙabartar baƙaƙe. A 1989 masu gyaran tsohon ginin suka tarar da ƙasusuwa kusan 10,000 a ƙarƙashinsa. A Paris, Sara Baartman 'yar Afirka ta Kudu, wadda aka yi ta nunawa don kuɗi tana raye, ta mutu a 1815, masanin halittu Georges Cuvier ya feɗe ta, aka ajiye sassan jikinta a gidan tarihi. Sai a 2002 aka mayar da ita gida aka binne.

Littafin da ɗaliban likita ke kira Gray kawai ɗan dokar 1832 ne. Ya fito a 1858 da zane 363 na Henry Vandyke Carter, wanda ya rubuta sunan kowane sashe a kan sashen kansa, ɗalibi ba ya buƙatar neman harafi. Babu tuddai, babu karkanda, babu igiya, babu ƙuda. Jiki ne fari fes a kan farar takarda, ba na kowa ba. A nan lulluɓin ya cika, kuma shi muka gada. Inda ya kai mu an gan shi a Vienna. Kundin Eduard Pernkopf, wanda ya fara fita a 1937, likitocin fiɗa da yawa na cewa babu kamarsa wajen nuna jijiyoyi. Pernkopf ɗan Nazi ne, wasu daga masu zanensa har alamar jam'iyyar suke sawa a sa hannunsu. Binciken da jami'ar Vienna ta yi a 1998 ya gano cewa aƙalla gawa 1,377 ta waɗanda gwamnatin Nazi ta kashe aka kai sashen fiɗa na Pernkopf. An daina buga kundin, amma yana nan a ɗakunan wasu likitoci, ana ta muhawarar halaccin buɗe shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin Turawa ne kaɗai. Kowace shekara 'ya'yanmu da ke karatun likita a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna shiga ɗakin fiɗa, kuma dole su shiga, domin ba wanda zai so likitan da bai taɓa ganin cikin mutum ba ya buɗe masa uwa. Dokar da ke tafiyar da al'amarin a Najeriya ta 1933 ce, ta zamanin Turawan mulki. Wani bincike da aka buga a mujallar Clinical Anatomy a 2011 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na gawarwakin da makarantun likitancin ƙasar ke amfani da su na waɗanda aka harbe ne da sunan masu laifi, saura kuma waɗanda ba a zo nema ba. Mu mutane ne da ke gaggauta yi wa mamaci sutura, muna da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito wanda ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Amma waɗanda ke kan tebur ɗin marasa gata ne, irin waɗanda suka kwanta a gaban Abdullaɗif da Vesalius da Hunter.

Malamai ba su bar mu a duhu ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987 ta halatta fiɗar gawa don binciken laifi, da gano cuta, da koyarwa, bisa sharuɗɗa: in an san mamacin, sai da izininsa kafin ya rasu ko na magadansa, kada a wuce gwargwadon buƙata, kuma a binne dukkan sassan bayan an gama. A Thailand ɗalibai na kiran gawar da suke koyo a kanta babban malami, suna sanin sunanta, suna halartar bikin sallamarta. Ba abin da ya hana mu yin namu daidai da addininmu. Ina roƙon hukumomin makarantunmu na likitanci da majalisun malamai su zauna a kan wannan. A buɗe rajista ta inda kowace gawa ta fito, a yi cigiyar dangi da gaske kafin a ce ba a zo nema ba, a faɗa wa ɗalibi ranar farko cewa wanda ke gabansa ɗan wasu ne. In an gama karatu a tattara shi gaba ɗaya, a yi masa sutura bisa addininsa in an san shi, malamai da ɗaliban da suka koya a jikinsa su raka shi maƙabarta.